Ranar da Na Ƙi Bin Usur a Bukuru

Cikin shekarun da na yi a aikin sa kai, ranar da ba ta fita daga raina ita ce Asabar ɗin atisayenmu na ƙarshe a Bukuru, a tsakiyar damina. Ku sababbi kuna jin ana kirana Malam Kar-dai, kuna dariya. To ku saurara.

Ni mai walda ne, karatuna ya tsaya a aji shida na firamare. Na shiga horon ne saboda ambaliya ta taɓa cin layinmu. Mako uku ana koya mana ɗaure rauni, ɗaukar wanda ya suma, da fitar da jama'a daga unguwa. Duk abin da aka faɗa sai na rubuta, in kuma tambaya: kar dai ruwa ya riga mu gada? Kar dai a manta da tsofaffi? Daga nan sunan ya bi ni. Duk da haka aka ba ni shugabancin rukuni, mutum goma sha biyu.

Ga yadda atisaye yake. Mai horarwa zai busa usur, kowane shugaba ya tara mutanensa, ya kai su wurin taruwa, ya ƙirga su. Doka ɗaya ce: bayan usur babu gardama. Wanda ya karya ta ya rasa takardar shaida da rigar aiki.

Mai horar da mu Oga Sunday ne, matashi mai ilimi da aka turo daga ofis a Jos. Saura kwana biyu atisayen ya shimfiɗa taswira, ya ɗora yatsa a kan wani fili bayan unguwarmu. Kore shar, babu gini, babu wayar lantarki. A littafi babu wurin taruwar da ya fi shi.

Ni kuwa na san filin. Mahaifina a haƙar kuza ya tsufa, kuma tun muna ƙanana ya hana mu taka wurin. Masu haƙa kan bar ramuka masu zurfin rijiya, su rufe baki da katako da ƙasa, ciyawa ta haye. Katako kuwa ruɓewa yake yi.

Na ja shi gefe don kar in kunyata shi. "Oga, kar dai akwai tsofaffin ramuka a filin nan."

"Malam Kar-dai, ka ga rami a taswira?"

"Ban gani ba."

"To an riga an sa hannu daga sama. Je ka huta."

Ina hutu? Ina ta ce wa kaina, wane ne kai da za ka gyara wa mai digiri? Idan fa Baba tsorata mu kawai yake yi?

Ranar Asabar aka tashi da ruwa. Na ɗauko rodi daga shago, wanda ya fi ni tsawo. Da aka busa usur, rukunina ne a gaba. Muna isa bakin filin na juya, na gitta rodin.

"Babu mai wucewa."

Oga Sunday ya iso a guje. "Me ya faru? Lokaci na tafiya!"

"Oga, ba zan shigar da su ba."

"Ka san doka?"

"Da hannuna na rubuta ta."

"Ka rasa takardarka ke nan."

"Na ji. A riƙe ta."

Ban matsa ba. Sai wata 'yar rukunina, Mama Kachollom, mai sayar da dankali a kasuwa, wadda ta girme mu duka, ta ce, "Oga, ɗana, duba da kyau. Ciyawa kamar wannan, ko akuya ɗaya ba a ɗaure ba. Mu kake so ka ɗaure?"

Na shiga ni kaɗai, ina taku kamar mai tafiya a kan ƙwai. Na soka rodin, ƙasa tauri. Na sake, tauri. Wani daga baya ya yi ihu, "Malam Kar-dai, in ka samu kuza a raba da mu!" Aka fashe da dariya. Na hango inda ciyawa ta ɗan lotsa kamar faranti, na miƙa hannu daga nesa na soka. Rodin ya wuce sulum, ya kuɓuce mini, ya ɓace gaba ɗaya. Sai da muka yi shiru sannan muka ji ƙarar faɗawarsa cikin ruwa can ƙasa.

Oga Sunday ya busa usur sau biyu, alamar an tsaya. Aka mayar da wurin taruwa harabar makarantar firamare. Amma ranar rabon takardu ba a kira sunana ba. Oga Sunday ya same ni ya ce in rubuta wasiƙar neman afuwa, zai gyara maganar.

Na ce, "Oga, me zan rubuta? Na tuba da ban kai su ba?"

Ban rubuta ba. Na sake zaman mako ukun nan daga farko tare da sababbi, sannan na karɓi rigata.

Har gobe ina gaya muku ku bi usur, domin ranar ambaliya gardama na kashe mutane. Amma kafin a busa shi, ku taka wurin da ƙafarku, ku tambayi tsofaffin unguwa me ya hana a yi gini a can. Idan an ƙi jinku, ku tsaya a bakin filin. Gara a cire sunanka daga takarda da ka ƙirga mutanenka ka samu sha ɗaya.