Ƙwayoyin Batulu

Sanda mai fata ya haura shekara ashirin da biyar a Agege. Daga wani ƙauye na ƙasar Gumel ya zo Ikko yana saurayi, ya fara da dako a kasuwar Mile 12, kwandon tumatir a ka tun hantsi har la'asar. Daga baya wani ɗan garinsu ya ja shi mayanka, ya koyi sayen fatar shanu yana sayar wa mata masu yin ganda. Da wannan sana'a ya auri Batulu, haifaffiyar Agege wadda Yarabanci ya zauna a bakinta kamar Hausa, ya kama ciki da falo kusa da layin dogo, har ya aurar da 'ya'ya biyu.

Kowa a layinsu ya san Sanda da hali guda: ba a kawo masa labarin makirci ya ƙaryata. Yana da dalilinsa. A shekararsa ta biyu a Mile 12, wani mai shayi ya raɗa musu cewa yau za a yi rikici a kasuwa. Sanda ya ajiye kwando ya bar wurin. Abokin dakonsa ya yi dariya, ya ce zancen teburin shayi ne, ya tsaya. Ba a sake ganinsa ba, ko gawarsa. Tun daga ranar Sanda ya ɗauka cewa gara ka gaskata ƙarya goma da ka ƙaryata gaskiya ɗaya. Da babbar waya ta shigo hannunsa kuwa, abin ya ƙaru, duk muryar da aka turo masa sai ya tura wa mutum hamsin.

Bara da damina aka turo masa wata. Wani mutum ne mai nutsuwa, ya fara da salati, ya ce shi tsohon ma'aikacin asibiti ne. Ya rantse cewa farar ƙwayar hawan jini da ake bayarwa a Ikko an haɗa ta da wani abu mai cinye ƙodar 'yan Arewa a hankali, don a rage su ba tare da an harba bindiga ba. A ƙarshe ya ba da lambar wani mai maganin gargajiya.

Batulu ta shekara shida tana shan wannan ƙwaya. Sanda bai jira tashi daga aiki ba, ya hau okada ya zo gida, ya kwashe kwalayen ya watsa a kwata.

"Baban Umaima, lafiya?"

"Kashe ki ake yi kina biya da hannunki. Saurara ki ji."

Ta saurara har ƙarshe, ta dube shi, ta ce, "To." Ya sayo mata wani jiƙo a gora, ya kuma kai wa maƙwabcinsa Mato direba labarin. Mato ma ya zubar da nasa.

Bayan mako uku, Sanda yana cikin ciniki a mayanka aka kira shi: Mato ya faɗi a tasha, bakinsa ya karkace, hannun dama ba ya motsi. Ya same shi a asibiti. Likitan ya tambayi matar Mato yaushe rabonsa da magani, ta ce sati uku, likitan ya girgiza kai kawai. Sanda ya tuna da Batulu. Ya fita da gudu, bai ko koma mayanka ɗaukar wuƙarsa ba.

Ya tarar da Batulu a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa.

"Tashi mu je a gwada ki. Yanzu."

"Bari in ɗora tukunya mana."

"Don Allah ki tashi, Batulu!"

A ƙaramin asibitin unguwa nas ta ɗaura mata abin awo a hannu. Sanda yana tsaye yana ta hasbunallahu, gumi ya jiƙe masa riga. Nas ta duba, ta ce jinin lafiya lau, madam ta ci gaba da shan maganinta yadda take sha.

"Ai ba ta sha," in ji Sanda. "Sati uku ke nan."

Batulu ta gyara mayafi. "Ina sha. Ko kwana ɗaya ban tsallake ba. Na sayo wani, yana cikin gwangwanin daddawa, na san ba ka buɗe shi."

Sanda ya nemi benci ya zauna. Ya so ya yi faɗa, sai ya ji dariya da hawaye sun taho masa tare.

A hanyar gida ya tambaye ta yadda aka yi ta gane. Ta ce ita ba ta gane komai ba, abu biyu ne suka tsaya mata. Iya Tope mai sayar da burodi, Bayarabiya, tare suke sayen ƙwayar a kemis ɗaya, wani lokaci ma kwali ɗaya suke rabawa.

"To ƙwayar ta ina take sanin cikin Bahaushiya ta shiga? Sannan mutumin da ya ce rijiya da guba, sai ga shi da tulun ruwa yana sayarwa."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Da ka ji? Ranar idonka ya rufe. Na ga tsoro ne ya sa ka, ba mugunta ba, na ce bari in bar ka da gorarka."

Washegari bayan sallar la'asar Sanda ya zauna a barandar masallaci ya naɗi muryarsa, karo na farko a rayuwarsa. Sau huɗu yana gogewa. Ya faɗi sunansa da layinsu, ya ce shi ya tura waccan murya, ya faɗi abin da ya sami Mato, ya roƙi duk wanda ya daina shan magani ya koma asibiti. Mutum biyu suka kira shi suka ce sun koma. Wani kuma ya ce an saye shi ne.

Wata biyu Sanda yana zuwa gidan Mato kullum da rana, yana riƙe shi suna taka tsakar gida. Ranar da ya nemi gafararsa, Mato ya ce da harshensa mai nauyi, "Ni na zubar da shi da hannuna." Kafin babbar salla Mato ya fara zuwa masallaci yana dogara sanda, shi kaɗai.