Shekara Bakwai na Malam Garga

Ni dai tun farko ban yarda da Malam Garga ba, kuma ban ɓoye ba. Shekara ashirin muna maƙwabtaka a unguwar Birketeri, masinja ne a wani ofis, kullum da asuba ya bi ta unguwar Messa da ƙafa ya tafi aiki. Ba ya faɗa da kowa, ba ya zaman majalisa. To me yake ɓoyewa?

Da ban damu ba, sai da ɗansa Rayyan ya aiko neman 'yata Safinatu. Na ce a dakata. Ba na ba da 'ya gidan da ban san asalinsa ba, ko da za ta yi ta kuka har damina ta wuce. Ta kuwa yi kukan.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Wata rana yana sayen ƙosai wurina na ji ya ce shekarar da aka canja tutar ƙasa ta koma tauraro ɗaya, shi kaɗai ya nome gonar audugar babansa. Safinatu kuwa a shagon fotokofi take aiki, ta ga katin shaidarsa da ya kai a yi masa kwafi. In an bi katin, shekararsa bakwai a lokacin. Ɗan shekara bakwai da garma? Haba! Ga furfura har gira, ga gwiwa na ƙara, amma takarda ta ce da sauransa kafin ritaya. Matan layinmu suka ce aljanu ne suka ɗauke shi suka dawo da shi wani zamani. Ni na ce ba aljani, ƙarya ce dai a wani wuri.

Ran Lahadi bayan la'asar na yafa mayafi na same shi a zauren gidansa.

"Malam, ka yi haƙuri da bakina. Shekararka nawa?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Wanne daga cikinmu, Hajiya Hadija?"

Ya ce Garga ƙanensa ne, ƙyanda ta kashe shi yana ƙarami a ƙauyensu can arewa. Shi yayan ya wuce shekarun shiga makaranta, kuma ba a taɓa yi masa takardar haihuwa ba. Sai babansu ya miƙa masa ta marigayin, ya ce daga yau kai ne. Da ita ya yi karatu, ya sami aiki, ya yi aure. Sunan ne a takardun 'ya'yansa duka.

"Shi nake raya wa kwanakinsa," ya ce. "Jikina ya gaji tun shekara bakwai da suka wuce, amma shi bai isa hutu ba. In kika faɗa, aikin ya tafi. Ko Rayyan bai sani ba."

"To kai wane ne?"

"Mustafa."

Wallahi kunya ta kama ni, ga tausayi. Na koma gida na ce wa Safinatu ta share hawayenta, na yarda. Ta tambayi me na gano, na ce ba ruwanta.

Ranar ɗaurin aure na tsare shi a soro, ba kowa kusa. Na sassauta murya na ce, "Malam Mustafa, Allah ya sanya alheri."

Ya juya baya yana neman wanda nake wa magana.