Yaya da Sarkin Surutu

Tun da ciwon ido ya tafi da ganin Yaya, aikinta a kamfanin kayan gini shi ne ɗaga waya. Masu saye sun saba da muryarta, wasu ma ba sa yarda da kowa sai ita. Kwatsam manaja ya ce za a rufe teburin waya, don yanzu ta intanet ake oda. Amma in za ta iya kula da shafin kamfanin, tana sauya farashin kaya, kujerarta na nan.

Ta dawo gida ta jingine sanda, ta kira ƙaninta. "Auta, yau digirinka zai yi rana. Nemo mini inda ake koyar da HTML, rubutun da ake gina shafi da shi."

Auta, wanda tun rashin lafiyarta bai daina fargaba ba, ya tara mata darussa masu kyan gani, duk na bidiyo. Malamin farko ya ce, "Kamar yadda kuke gani a nan..."

"Muna gani, malam, sosai ma," in ji Yaya. Mama ta yi dariya daga kicin har da tari. Auta kuwa ya rufe bidiyon, ya koma neman darussan rubutu.

A kwamfutar Yaya akwai manhajar da ke karanta mata rubutu da saurin da ba mai ganewa sai ita. Sarkin Surutu take kiran muryar. A waɗannan shafuka kuwa ya diririce, ba ya cewa komai sai "maɓalli, maɓalli".

Yaya ta lulluɓe fuskar kwamfutar da tawul, ta cire linzamin kwamfutar ta zauna a kai. "Zaɓa da kunne, ɗan'uwana. Wanda ka iya kaiwa darasin farko a haka, shi ne nawa."

Auta ya yi ta laluben madannai yana gumi, har suka dace da wanda Sarkin Surutu ya karance tsaf. Da ya yaye tawul, sai ga shafi fari fat, rubutu zalla.

"Yaya, muni gare shi."

"Aurensa zan yi?"

Bayan ta kammala darussan, ranar gwaji Auta na bakin ƙofar ofis. Yaya ta sauya farashin siminti, manaja ya duba wayarsa, ya ga sabon ya fito.

"Gobe ki zo da wuri," ya ce, "akwai fenti da ƙusoshi."

Ta fito ta lalubo kafaɗar Auta. "Kai, numfasa mana."