Cibiyar Wideline

Idan ka ga wata gajeriyar tsohuwa a garin Brockton na Amurka da hular coci mai faɗi, ta rungume baƙar jaka a ƙirji, to Man Ermite ce, maƙwabciyata. Daga tsaunukan Jeremi, can ƙasarmu Haiti, ta zo tun tana budurwa, ta ƙare ƙuruciyarta a gidan kula da tsofaffi, tana yi musu wanka tana yi musu faɗa kamar ita ta haife su. Da ta yi ritaya, sai faɗan ya dawo kaina.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Ranar da cibiyar jikarta Wideline ta faɗi, uwar yarinyar, wato 'yar Man Ermite, haihuwar nan Amurka, ta nufi kwandon shara da ita. Tsohuwa ta yi wuf ta ƙwace. Mu a wurinmu binne cibiya ake yi, a dasa itace a kai, itacen ya zama na mai cibiyar. Tawa tana ƙarƙashin mangwaro. To ta Wideline fa, ina za a kai ta? Bayan gidan haya? Sai ta naɗe ta a farin ƙyalle ta jefa a jaka, tana jiran ranar zuwa gida. Gwiwa ta ƙi, hanya ta lalace, yarinya har ta shiga makaranta, cibiya na nan a jaka.

"In na mutu, shara 'yar nan tawa za ta zuba ta," ta ce da ni. "Yarinya ta tashi ba ta da ko tushe ɗaya a ƙasarmu."

Ana nan sai rediyonmu ya sanar cewa kwamitin da ke ba gwamnan jiha shawara kan al'amuran 'yan Haiti zai saurari jama'a, kafin wakilansa su tafi Jeremi ganawa da manoman koko. Ta turo ƙofata ko ƙwanƙwasawa babu.

"Ƙawata, sa takalmi. Jeremi za su."

"Ke dai Allah ya shirye ki! Maganar ciniki za su yi, ba 'yan aike ba ne."

"Ba su da aljihu ne?"

Haka ta ja ni. Zauren cike yake da masu kwat, ana ta batun kuɗin fito da jiragen dakon kaya da koyar da yarenmu a makarantu. Da aka zo kanta, shugaban kwamitin, Lauya Dieujuste, wani mai furfura a gemu wanda shi ma nan aka haife shi, ya yi mata murmushi.

"Mama, wace shawara kike da ita ga gwamna?"

"Gwamna ya sha zamansa, ɗana. Wurinka na zo."

Ta warware ƙyallen a kan tebur. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Lauya ya gyara tabarau ya leƙa.

"Wannan kuma mene ne?"

"Cibiya mana. Kai ba ka da ita?"

Zaure ya ɗauki dariya. Ya shiga yi mata bayani cikin ladabi, wai kwamiti shawara yake bayarwa, ba ya ɗaukar saƙo. Ta bar shi har ya kai aya.

"Kun ce so kuke ku ɗaure nan da can. Da koko kaɗai za ku ɗaure? Ƙanena yana Jeremi, yana da fartanya. Kai dai ka miƙa masa."

Sai na fara jin ƙarar buɗe jakunkuna ta ko'ina. Wata tsohuwa ta ɗaga ƙyallenta, wata ta ɗaga kwalbar magani, wata har guda uku ta fito da su. Ashe duk haka suke yawo da cibiyoyi, kowa na tsammanin ita kaɗai ce mahaukaciya! Dariya ta tsaya. Lauya ya dube su, ya ce a hankali shi bai ma san inda tasa take ba.

"Ga ta nan!" wata murya ta ce daga baya. Mahaifiyarsa ce, ta ɗaga jakarta sama. "Tun yaushe nake jira ka yi hankali!"

Ya cire tabarau yana dariya yana share ido. Da kansa ya zagaya ya karɓe su, kowace da sunan mai ita.

Ranar dashen, Lauya ya kira mu ta waya mai hoto daga gidan ƙanen Man Ermite. Man Ermite ta kafa tabarau tana ba da umarni kamar tana wurin.

"Ƙara zurfi, malalaci! So kake kaji su tone?"

Aka sa ƙyallen, aka kafa ɗan itacen koko mai jajayen ganye a kai. Wideline ta cusa kai tsakaninmu, ta daɗe tana kallo.

"Kaka, wa zai riƙa ba shi ruwa kafin in zo?"

Sai hawaye suka zubo wa Man Ermite. Duk zamana da ita, ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar.