Farin yadin da ke akwatin kakana

Jiya na bi ta layin masu yadi a kasuwar Gwarzo, wani yaro ya warware bandir ɗin farin yadi, ƙamshin sitacin nan ya buge ni. Wallahi sai da na tsaya. Kai wataƙila in ka ji ƙamshin sabon yadi Sallah kake tunawa. Ni akwatin kakana nake tunawa.

A gidansa na tashi, a wani ƙauye ta wajen Gammo, ni da ɗan kawuna. Sa'annin juna ne mu, tabarmarmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Makaranta ba ta riƙe ni ba. Ina ƙaramar sakandare na daina zuwa, don in na zauna a benci ji nake kamar an zuba min tururuwa a wando. Gona ma ba na daɗewa. Abu ɗaya ke zaunar da ni, gidan kallo a Kabo, in an sa fim ɗin masu fararen kaya da baƙar ɗamara. Wata rana mai gyaran waya ya nuna min bidiyon wasu sun yi sahu, suna kai naushi tare kamar mutum ɗaya. Ya ce wannan kalar karate ɗin sunanta Shotokan. Na riƙe sunan a bakina kamar sunan budurwa.

Kakana a samartakarsa ɗan dambe ne. Yatsun hannunsa na dama ba sa rufuwa, haka yake jan carbi da su a sanƙare. Muna wasan jika da kaka sosai. Yana da wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado wanda ba mai taɓawa, kullum in na shiga gaishe shi sai in ce, “Tsoho, yaushe za ka tafi ne in gaji akwatin nan?” Shi kuma ya ce, “Sai na binne ka tukuna, ja'iri.” Kakata ta yi ta dariya daga bakin murhu.

Da bazarar shekarar na fara neman inda ake koyarwa. A tashar Kabo na tambayi direbobi, wani ya ce, “Shoto me?” Wani ya tura ni wajen mai maganin tauri. Wani ya ce in jira lokacin kaka a fara dambe, in dai duka nake nema zan samu. A ƙarshe mai faci ya nuna min wani kango a bayan gari, ya ce akwai masu irin wannan tsalle-tsallen a can. Bai kalle ni ba da yake faɗa.

Muka je ni da ɗan kawuna bayan azahar, rana kamar za ta fasa kai. Kangon ba rufi, ba ƙofa, sai warin fitsari da sholisho. Samari ne a ciki, ba mai farin kaya ko ɗaya. Ogansu yana zaune a kan bulo, da wani tabo daga kunne zuwa haɓa. Abin da yake koya musu, inda ake dukan mutum a wuya, da inda ake soke wuƙa a ƙugu ba a gani. Na ce masa, “Oga, wannan shi ne Shotokan?”

Ya kwashe da dariya. “A nan ma za ka sha toka, yaro. Zauna.”

Ni jikina bai ba ni ba, amma na ci gaba da zuwa, don ban san wani wurin ba. Ɗan kawuna kuwa wurin ya shige shi. Ana ba su shinkafa, ana ba su wasu 'yan ƙwayoyi, ana ce musu in siyasa ta zo za su san sun yi ubangida. Idonsa ya fara canja launi. Ya daina cin abinci tare da ni.

Ba wanda ya gaya wa kakana, amma ya sani. Wata safiya na yi masa wasan da na saba, na ce yaushe za ka tafi in gaji akwati. Na tsaya jiran amsar. Ya kalle ni, ya kalli ɗan kawuna da ke barci rana tsaka, ya ci gaba da jan carbinsa. Tun daga ranar ban sake jin ya ce sai ya binne ni ba, kuma shirun nan ya fi zagi tayar min da hankali.

Gab da faɗuwar ruwa wani direban hatsi ya ce min ya ga masu fararen kaya a Gwarzo, a filin bayan wata firamare, bayan la'asar. Na hau bayan motarsa. Tun daga nesa na gane su. Sahu ne a miƙe, tsit, sai ƙara ɗaya in sun kai naushi. Mai koyarwar tsohon soja ne, gajere, ba ya ɗaga murya. Ya ce e, Shotokan ne. Ya kama hannuna ya sansana ko zai ji warin sholisho, ya ja fatar idona ya duba.

“Ka zo da farin kaya,” ya ce, “ka zo da babba daga gidanku. Ba na karɓar yaro daga titi.”

Na dawo na gaya wa kakana, ban sa rai ba, don gidan ba mai halin ɗinka min kaya a bakin damina. Ya ce in kira ɗan kawuna. Ya jawo akwatin nan, ya buɗe a gabanmu, karo na farko a rayuwata. Ƙamshin kafur da sitaci ya cika ɗakin. Farin yadi ne a ninke, mai kauri, ba komai bayan shi. Kakata ta leƙo, ta saki ludayin da ke hannunta.

“Malam, likkafaninka ne fa. Wanda ka wanke da zamzam.”

“Na sani,” ya ce. “Kawo almakashi. Gara su sa shi suna tsaye.”

Ya raba shi biyu da hannun nan nasa da ba ya rufuwa, yadin yana ƙara kamar ana yaga wani abu a cikina. Ya miƙo min rabi, ya miƙa wa ɗan kawuna rabi. Ɗan kawuna ya ja da baya yana dariya. “Tsoho, ni ba zan sa kayan gawa ba.” Ya fice. Kakana bai kira shi ba. Ya ninke rabin, ya mayar cikin akwati, ya rufe.

Da aka ɗinka min riga da wando da nawa rabin, shi da kansa ya kai ni Gwarzo ranar farko, ya zauna a gindin darbejiya har aka tashi. Kada ka zaci daɗi na sha. Damina guda tsayuwa kawai ake koya min, gwiwa a lanƙwashe, laka har idon sawu, ba tsalle, ba dukan kowa. In na dawo gida ɗan kawuna ya ce, “Ga gawa ta dawo daga makaranta.” Sau da yawa na so in koma kangon, inda ake abin da ya yi kama da fim.

Bayan an kai amfanin gona gida siyasa ta zo. Motoci masu lasifika suka cika Kabo. Wata rana da azahar ina mahaɗa da kayana a leda, ina jiran motar Gwarzo, sai ga motar 'yan kango, samari har kan rufi, da gorori. Ɗan kawuna ya miƙo min hannu. “Hau mana! Yau za ka gwada abin da ka koya.” Ba zan yi maka ƙarya ba, ƙafata ta motsa. Sai na matse ledar a ƙirjina, ƙamshin kafur ɗin nan da wanki bai taɓa fitarwa ba ya taso min. Na tsaya. Motarsu ta ja, yana ta yi min ihun matsoraci.

Da na dawo kafin magariba, tun daga bakin hanya na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, da takalma da yawa. An yi arangama a wajen taron siyasar, gawar ɗan kawuna aka kawo. Aka ce wuƙa ce, a wuya, daidai inda ake koya musu. Na shiga ɗaki na tarar da kakana durƙushe gaban akwati. Ya fito da rabin yadin nan, ya miƙa wa masu wanka. Bai isa ba, sai da aka ƙara da wani.

Shi kakan nawa shekarar da ta biyo baya ya rasu, da yadin kasuwa aka rufe shi, maƙwabta suka kawo. Jikoki kan yi wasa ranar mutuwar kaka. Ni ban yi ba.

Yanzu tsohon sojan gwiwa ta dame shi, ni nake tsaya wa ƙananan a filin. Yaran yau ba sa yawon tasha suna tambaya, a waya suke gano mu. Kangon nan an gine shi ya zama shaguna, amma kangwaye ba su ƙare ba, kuma duk siyasa sai na rasa fuska ɗaya ko biyu a sahu. In yaro ya zo, nakan sansana hannunsa, in ce ya zo da farin kaya da babba daga gidansu. Wasu su dawo, wasu ba na sake ganinsu.

Akwatin kuwa na gaje shi, kamar yadda na yi ta roƙo. Rigar nan ce a ciki, ta daɗe da matse ni. Ba na son buɗe shi.