Ranar da aka mayar da Baba attajiri a intanet

Shekarun baya, lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa ta Agege, na ƙudiri aniyar rubuta tarihin mahaifina. Jiki ya fara ƙi masa, kullum bayan la'asar sai ya zauna a ƙofar gida yana ba ni labarin yadda ya zo Ikko yana saurayi, ba shi da komai sai gammo, yana dakon huhun goro daga mota zuwa tasha. Burinsa ɗaya ne: jikokinsa, waɗanda Yarbanci ya fi zama a bakinsu, su san da me aka gina gidan da suke kwana a ciki.

Na ga akwai dandalin da ake buɗe shafi kyauta a waya, ka rubuta ka danna, shi ke nan. Da na yi shiru na buɗe abina, da ban sha takaici ba. Amma bakina ya ja mini, na je na faɗa a gidan yayata. Mijinta, mai sayar da wayoyi a Idumota, wanda dangi ke gani kamar shi ya ƙirƙiro intanet, ya yatsine fuska.

"Na kyauta? Haba ƙanwata. Tarihin Baba guda za ki kai inda 'yan makaranta ke wasa? Bari in buɗe miki na manya."

Na manyan ya cinye mini kuɗin ɗinkin mako biyu. Da imel ɗinsa ya buɗe, ya ce in riƙa turo masa rubutun a waya shi zai ɗora, wai abin ya fi ƙarfin kaina. Kalmar sirrin kuwa ban iya tambaya ba. A gidanmu, ki ce wa mijin yayarki ya ba ki mabuɗin abin da ya riƙe miki, kamar kin ce ba ki yarda da shi ba ne. Ga shafin da nauyin tsiya, 'yar wayata sai ta yi ta juyi har data ta ƙare, hoton Baba kawai nake gani. Haka na yi wata uku ina taƙama ni marubuciya ce, ban taɓa karanta shafina ba.

Wata Juma'a Baba ya ce, "Uwata, karanto mini in ji." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na aro wayar maƙwabciyarmu na fara karantawa da ƙarfi, sai na ga ba abin da na rubuta ba ne. Wai hamshaƙin attajirin goro ne da ya sauka Ikko da jarin gado. Babu dako, babu kwanan barandar masallaci, babu Bayarbiyar da take ajiye masa ƙanzon shinkafa. Duk an share.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wannan mutumin wane ne? Allah ya ƙara masa arziki, amma ni ban san shi ba." Ya cire hula ya shafa tsakiyar kansa, inda gashi bai sake tsirowa ba tun zamanin gammo. "Wannan kuke jin kunyarsa?"

Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Washegari na dira a Idumota.

"Gyara na yi miki," in ji mijin yayata, ko a jikinsa. "Abokan kasuwancina suna karantawa. So kike su ce surukina ɗan dako ne?"

Na ce, "Yaya, da kuɗin dakon nan aka yi tarbiyyar matar da ka aura." Yayata ta yi wata guda ba ta ɗaga wayata, tana jiran in ba shi haƙuri. Har yau tana jira.

A cikin bas ɗin haya, danfo, muna maƙale a cunkoso a hanyar komawa, na buɗe wancan na kyautan da aka raina. Kafin mu kai Oshodi na gama. Ba ado, ba komai, fari fat kamar takardar awo, amma lambata ce, kalmar sirrina ce, kuma ko ƙaramar waya tana buɗe shi. Na kwaso rubutuna na asali daga saƙonnin da na tura, na ɗora su yadda suke.

Shi ya sa in sabon marubuci ya tambaye ni wane dandali zai zaɓa, nakan ce wanda zai iya buɗewa da hannunsa, ya ɗora da kansa, ya karanta a wayar da ke aljihunsa. Kyan shafi bai dame ni ba. Har yanzu in na tuna cewa kunya ce ta sa na miƙa wa wani bakin mahaifina, raina sai ya ɓaci, kuma rabin fushin da kaina nake yi.

Baba ya rasu bayan wata bakwai, Allah ya jiƙansa. Amma ya ji nasa. Ranar da na karanta masa, gyara ɗaya tak ya yi mini: "Huhu biyu nake ɗauka, Uwata, ba ɗaya ba. Rubuta daidai."