Ranar Da Na Bar Fasfona A Figil

Garwa, Jumma'a

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka tashi daga ƙofar makaranta, ni da ɗalibaina mata shida, a motar a-kori-kura ta Baba Hamadu. Shekarata ta biyu ke nan da barin Zariya na tsallako iyaka zuwa Garwa koyar da Ingilishi a matsayin 'yar sa kai. Da safe ina aji, da la'asar in fitar da yara fili mu yi gudu. Gudun nan ne ya sa aka gayyace mu wasannin makarantu a Yagwa. Iyayensu sun yarda bisa sharaɗi ɗaya: duk inda yaran suke, ina nan.

Figil

Ƙarfe takwas da minti goma muka iso shingen jandarmomi na Figil, kimanin kilomita casa'in daga Garwa. Lokacin ana yaƙin basasa a gida, duk wanda ya fito daga Najeriya abin tuhuma ne. Jandarma ya daɗe yana juya fasfona.

"Madam, takardarki Garwa ta ce, ba ta ce Yagwa ba. Yara su wuce, ke ki koma."

Na ce ba zan rabu da su ba. Awa uku muna zaune a gindin darbejiya, Baba Hamadu yana lallashinsa da Fillanci. Daga ƙarshe jandarman ya ce in bar fasfon, in dawo kafin faɗuwar rana ran Lahadi, in ba haka ba sunana ya tafi Yawunde, babban birnin ƙasar.

Baba Hamadu ya ja ni gefe. "'Yata, ki yi tunani. Akwai wani shingen a gaba, kuma ba ki da ko takarda ɗaya."

Asta, babbar cikin yaran, ta ce, "Malama, mu koma, ba komai." Tana faɗa tana share ido da gefen ɗankwali. Wata biyar suka yi suna gudu a cikin zafin Garwa. Na miƙa fasfon.

Kayele

Ƙarfe biyu muka tarar da shingen Kayele. Na ja mayafi na shige tsakiyar yaran. Jandarma ya leƙo, ya ƙirga mu da baki. Baba Hamadu ya ce, "'Ya'yana ne duka," aka ɗaga sanda. Na sayi ƙosai na dala goma, na raba wa yaran.

Yagwa, Asabar

Matar direktan makarantar garin ce ta sauke mu, ta ba mu shinkafa da kifin kogin Logon. Ƙarfe tara aka buɗe fili. Sufurefe, wato babban jami'in gundumar, yana zaune a rumfa, jandarmomi a bayansa. 'Yan matan Yagwa dogaye ne, takunsu ɗaya biyun namu. A gudun miƙa sanda Asta ta karɓa muna na huɗu, ta wuce biyu, muka zo na biyu.

Sai aka ce sufurefe yana kiran malamarsu. Na taka zuwa rumfar.

"Daga ina kike, madam?"

"Daga Garwa, ranka ya daɗe."

Ya dube ni ɗan lokaci, sannan ya ce in ci gaba da ƙoƙari.

Figil, Lahadi

Taya ta fashe mana bayan Kayele, sai biyar da rabi muka iso. Wani jandarma ne daban, ya ce bai san zancen wani fasfo ba. Rana tana yin ƙasa, ni kuma ina tsaye a ƙofar ofis na ƙi motsi. Da ya gaji da ni ya shiga buɗe durowa. A ta uku aka same shi, ƙarƙashin ƙullin goro.

Bayan isha'i muka shiga Garwa, na kai kowace yarinya har zauren gidansu. Na gode wa Allah, na gode wa Baba Hamadu da ya kira ni 'yarsa a gaban bindiga. Da zan sauka ya ce, "Malama, in za ku sake irin wannan tafiyar, ki nemi wani direban." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ki fara tambayata."